Dashe

Ni ne mai wankin rigunan Taurarin Gangare,
shekara tara hannuna na cikin kumfa.
Rigar da ta yi wasa da wari nake gane ta,
wadda ta wuni a benci kuwa
ko ruwa ba ta ɓata mini.

Lamba goma sha huɗu, mako biyar cur,
tsaf nake miƙa ta, tsaf take dawowa.
Mai ita Tasi'u, daga Nguru aka sayo shi,
yaron da ya koyi taka leda a kan rairayi,
inda ƙwallo ke tsayawa ta jira ƙafa.
Nan kuwa ruwan Agusta ya jiƙa ciyawa,
ƙwallo na sulɓi kamar tarwaɗa,
iskar tsauni ba ta cika ƙirjin baƙo.
Zagaye uku ya yi ran farko, ya dafa gwiwa.
Da dare da safa biyu ya kwana.

Ciyaman Barau ya zo yana kaɗa makulli a yatsa:
"Koci, janareta na saya don in bar shi a kwali?
Kuɗin tirelar dankali guda na zuba!"
'Yan kallo ma daga bayan waya: "A sa sabo! A sa sabo!"
Koci Dalyop ya ja hular sanyi ta rufe kunne,
ya ce, "Tukuna."
Kalmar da ya fi iyawa ke nan.

Ni dai ba a tambaye ni ba.
Amma ina da lambu a bakin tsohon ramin kuza,
na san ba a dashen kabeji da tsakar rana.
Sai la'asar sakaliya, da ƙasar gida manne a saiwa.
Kwana uku yana langaɓe kamar ya mutu,
ran na huɗu ya ɗaga kunne.

Na tuna Nanpon.
Juma'a ya sauka a tasha, Asabar aka ba shi fenariti,
ko sunan golansu bai riƙe ba.
Ya ɗaga ta sama, ta sauka wajen masu gasa masara.
Ihun ranar bai fita daga ƙafarsa ba.
Yanzu keke yake ja, Taminus zuwa Farin Gada.
In na shiga ba ya karɓar kuɗina,
ba ya kuma zancen ƙwallo.

To amma kada in yi wa Koci kara.
Irin da ya daɗe a gadon reno shi ma lalacewa yake,
ya yi tsawo, siriri, ganye rawaya.
Ilu wata bakwai ya sha "tukuna",
ran da aka kira shi
ƙafar ta manta abin da aka saye ta dominsa.

Ran Laraba, ina shanya a bayan raga,
Davou, da ba ya ba ka ƙwallo sai ya ga fuskarka,
ya tura ta baya da dunduniya, bai waiga ba,
ya ce, "Ɗan Rairayi!"
Tasi'u na nan, daidai inda ta faɗi.
Koci bai ce uffan ba,
ya rubuta wani abu a tafin hannunsa.

Lahadi, minti na sittin da takwas, ana yayyafi,
aka ɗaga sha huɗu.
Bai ci ba.
Ya zame sau biyu, ya ɓarar da wata mai kyau,
wata ya ba Davou, ta daki ƙarfe.
Aka tashi canjaras.
Ciyaman ya shige mota bai gaisa da kowa ba.
A teburin mai shayi wani ya ce an makara,
wani ya ce an yi gaggawa,
har sha ɗaya suna yi.

Ni kuwa na zazzage buhu a tsakar gida,
ga ta can ƙasa, jar laka har wuya,
ciyawa a kafaɗa, ɗinkin hammata ya buɗe.
Sai da na canza ruwa sau uku.
Matata ta leƙo ta ce, "Kai da wa kake dariya?"